Mai Ceton da Aka Jira, da Wanda Kiristoci Suka Ce Ya Zo

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, kwanan baya a wurin wata gaisuwar mutuwa nan Safo na zauna tabarma ɗaya da wani dattijo Kirista, wanda ya yi jiyyar kuturta a asibitin ƴan mishan na Danja tun yana saurayi. Sai wani ɗalibina ya tambaye shi cikin wautar ƙuruciya: "Baba, in Isa ya cece ku, don me kuke ciwo, kuke talauci kamar kowa?" Na tsawata wa yaron, amma tambayar ta biyo ni gida, domin bisa ga littattafan Kiristoci, Hawariyawa da kansu sun yi fama da ita.

Ma'anar Almasihu ita ce wanda aka shafa wa mai, kamar yadda Bani Isra'ila ke yi wa sarkinsu ranar naɗi. Rumawa sun ci Baitul Muƙaddasi shekara 63 kafin miladiyya, suka ɗora wa mutanenta haraji da mulkin takobi. Saboda haka Yahudawa da yawa suka zuba ido ga wani sarki daga zuriyar Annabi Dawuda (AS) wanda zai kori baƙo, ya maido da sarauta gidanta. Da wannan fata mabiya Annabi Isa (AS) suka taru gare shi. A sura ta 8 ta Linjilar Markus, Bitrus ya shaida cewa shi ne Almasihu, amma da ya ji zancen shan wuya da kisa sai ya ja shi gefe yana ƙwaɓarsa. A sura ta 24 ta Luka kuma, almajirai biyu suna tafe cikin baƙin ciki, suna faɗin yadda suka sa rai shi zai ƴantar da Isra'ila.

A nan ne fahimtar Kirista ta rabu da abin da aka jira. Sun ce bautar da ya zo kwancewa ta zunubi ce, wadda ta fi ta Rumawa tsanani. Sun ce mutuwarsa bisa gicciye fansa ce, ya tashi a rana ta uku, sarautarsa ta bayyane kuwa sai ya dawo. Wato sun ɗauki abin da idon jama'a ya gani a matsayin faɗuwa, suka mai da shi ginshiƙin addininsu. Yahudawan da suka ci gaba da jiran mai takobi sun ga rushewar Haikalinsu a shekara ta 70, suka sake tashi a bayan Bar Kokba a 132, aka murƙushe su a 135.

Mu aƙidarmu sananniya ce. Isa ɗan Maryam bawan Allah ne, manzonsa ne, Suratun Nisa'i ta kore kisa da gicciyewa daga gare shi, kowa kuma da nasa kaya zai tsaya ranar hisabi. Amma wanda zai yi muhawara da maƙwabcinsa, wajibi ne ya san abin da maƙwabcin ke faɗi, kada ya ƙaga masa wani.

Ƙasar Hausa ma ta ga irin wannan. A ƙarni na 19 wani malamin Kano, Malam Ibrahim, ya zurfafa cikin ayoyin da suka ambaci Annabi Isa har ya tara mabiya masu jiran saukowarsa, aka kira su Isawa. An kashe shi a kasuwar Kano, mabiyansa suka watse wajen Ningi. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka iske Likita Miller, ɗan mishan na Zariya. Sun zo neman labarin mai saukowa ya tsai da adalci, aka ba su labarin gicciye. Waɗansu suka karɓa, suka zauna Gimi, waɗansu suka tsaya kan abin da suka gada.

Kada mu yi dariya. Mutanen Satiru da suka tashi da sunan Mahadi a 1906 Musulmi ne, zafin mulkin Nasara ya zana musu kamannin wanda suke jira. Yau ma akwai majami'un da ke yi wa jama'a alkawarin dukiya da warkewa nan take, abin da su kansu tsofaffin Kiristoci da dama ke ƙyama, kamar yadda a cikinmu akwai mai zuwa wurin malami don laya kaɗai, bai taɓa tambayar farillan alwala ba.

Dattijon nan bai amsa wa yaron ba sai da muka tashi. Ya riƙe ni a bakin zaure, ya nuna mini dungulmin hannunsa, ya ce: "Liman, ka faɗa wa ɗanka, da na je Danja yatsuna na tafi nema. Ciwon ya tsaya, yatsun ba su dawo ba. Shekaru na yi ina fushi da Yesu kafin in gane ba su ya yi mini alkawari ba." Na ce masa ni da shi mun saɓa a kan wane ne Isa, kuma ina yi masa fatan shiriya. Ya ce ya sani, shi ma yana yi mini addu'a. Muka yi musafaha, ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar Maraɗi.