Wanda Bai Sayi Rariya Ba: Tsokaci a kan Alkawari da Ɓoyayyen Aibi

A watan Janairu na 2024 yayana, wanda ke zaune a garinmu Droum, ya cika wani buri da ya fi shekara ashirin yana reno: ya sayi babbar mota sabuwa fil, irin wadda muke kira kamiyo. Ba ta cikin waɗanda suke gama tsufa a Turai kafin su iso gare mu. Shanu ya sayar, ya haɗa da ribar gero da wake ta shekaru, ya cike da bashi. Ranar da ta shigo gari, yara suka bi ta da gudu, dattawa suka zo suka sa albarka.

Wata shida tana kai hatsi Damagaram, tana komowa da siminti da shinkafa, ba abin da ya same ta. Sai damina ta kankama. Mai karatu na tune da daminar 2024, wadda ruwanta ya rushe tsohon masallacin Birni na Damagaram a farkon Satumba. Tun a watan Yuli direba ya lura ruwa na ɗiga daga saman gilashin gaba, yana bin ƙarfen gefe, yana taruwa ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa. Da farko an ɗauka raɓa ce. Bayan mako biyu kan motar ya fara warin danshi, fitilu suka soma kawowa suna ɗaukewa, domin ruwan ya kai ga wayoyin wuta. Robar da ke kewaye da gilashin ce ba ta zauna daidai ba tun daga masana'anta.

Yaya ya zo mini da wani ƙaramin littafi da aka ba shi tare da motar, rubuce da Faransanci. Ya ce: «Malam, kai ne mai karatun nasara a gidan nan. An ce mini akwai garanti na shekara guda. Duba mini, ko magana ce kawai ta ranar ciniki.» Na duba. Alkawarin yana nan, amma da sharuɗɗa: a sanar da kamfani a rubuce, a kai motar garejin da suka yarda da shi, kada kuma wani makanike na waje ya taɓa wurin da ya lalace. Garejin nan yana Yamai, kusan kilomita 900 daga nan. Sa'an nan ga inda gizo ke saƙar: kwana uku kafin zuwansa, yaron mota ya riga ya kai ta wani gareji a Damagaram, an shafa wa bakin gilashin danƙo a kan jika biyu. Yoyon ya ragu, bai tsaya ba. Yaya ya rage murya ya ce: «Rubuta musu, amma kada ka ambaci danƙon nan. Za mu kankare shi kafin su gani.»

Wannan ƴar magana ita ta hana ni barci, ita ce kuma dalilin wannan rubutu. Tambayoyi biyu ne a cikinta. Mene ne ya rage a wuyan mai sayarwa bayan an biya shi, an yi musafaha, kowa ya kama gabansa? Mene ne kuma ya rage a wuyan mai saye?

Hausawa sun ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Karin maganar nan hukunci ne cikakke a kan aibin da ke bayyane: abin da idonka ya gani, ka kuma yarda ka biya, ba ka da bakin kuka a kansa. To amma in aka juya ta, sai ta ba da wani hukuncin: wanda ya sayi tulu, ya tarar da rariya a gida, an ci haƙƙinsa. Yayana bai sayi rariya ba. Babu kuma yadda za a yi ya gane aibin ranar ciniki, domin da rani ya saya, a ƙasar da ruwan sama ke zuwa cikin wata uku ko huɗu kawai. Garanti na wata goma sha biyu, a Droum, damina ɗaya ce tak. Wanda ya bari ta wuce bai yi magana ba, sai sararin sama ya bushe tare da hujjarsa.

Wannan matsala ba motoci suka kawo ta ba. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya wuce ta wurin wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa. Mai hatsin ya ba da uzuri da ruwan sama. Manzo bai tuhume shi da saukar da ruwan ba. Abin da ya zarge shi da shi, shi ne rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda masu saye za su gani, ya kuma nisanta mai algus daga kansa. Ruwan ƙaddara ne, ɓoyewar kuwa aikin mutum ce.

Sai dai adalci ya hana in ce kamfanin da ya sayar wa yayana mota ya yi algus. Mai yiwuwa ba wanda ya san da zancen robar nan daga masana'anta har zuwa Yamai. A nan ne ya kamata mu raba abu biyu da muke yawan cakuɗawa: laifi da alhaki. Laifi yana bin sani da niyya. Alhaki yana bin matsayi: kai ka ƙera, kai ka sayar, kai ka karɓi kuɗin lafiyayyen abu. Dokar farar hula ta Faransa ta 1804, wadda Nijar ta gada, ta faɗi haka a sashi na 1641 da waɗanda ke biye: mai sayarwa ne ke ɗauke da ɓoyayyen aibi ko da bai san da shi ba, in kuwa ya sani ya yi shiru, sai ya ƙara da biyan diyya. Yarjejeniyar OHADA, wadda Nijar ta sa wa hannu tare da wasu ƙasashen Afirka a Port-Louis ranar 17 ga Oktoba 1993, ta haifar da dokar kasuwanci ta bai ɗaya. A gyaran da aka yi mata a Lome a 2010, in ciniki tsakanin ƴan kasuwa biyu ne, mai saye yana da wata guda ya sanar da aibin da ke bayyane, yana da shekara guda kuma ya nemi haƙƙinsa a kan ɓoyayye, daga ranar da ya gano shi ko ya kamata ya gano.

Malamanmu na zaure ba za su ga baƙon abu a nan ba. Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a ƙarshen ƙarni na 10, littafin da har yau ake karantawa a soraye a Damagaram, ta ba wanda ya tarar da aibi zaɓi: ya riƙe abin, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Ta ma ambaci lamuni mai wa'adi, na kwana uku da na shekara guda. Dole in faɗi abin da ke da ɗaci: misalan da aka kafa waɗannan hukunce-hukunce a kansu, na cinikin bayi ne, cinikin da Damagaram ta ƙarni na 19 ta yi dumu-dumu a ciki. An tsara wa mai sayen mutum kariya, ba a tsara wa mutumin da aka saya ba. Mun yi watsi da wancan ciniki, kuma daidai ne. Amma ma'aunin da aka auna aibi da shi ya dace da ƙarfe da roba fiye da yadda ya taɓa dacewa da ɗan Adam.

A kasuwar gargajiya, mutum ne garanti. Dillalin shanu ko na doki yana karɓar la'ada ne a kan sunansa. In dabba ta fito da ciwon da aka ɓoye, ka san zauren da za ka yi sallama, shi kuma ya san in ya kauce sau biyu, kasuwa ta gama da shi. Fataken da ke sauka a Zango zamanin Sarki Tanimun, daga Kano, daga Agadas, daga Tarabulus, mai masauki ne ke tsaya musu. Yanzu takarda ta maye gurbin fuska. Takarda tana da fa'idarta, ba ta mantuwa, ba ta mutuwa, ba ta duba ko kai ɗan wane ne. Amma ba ta jin kunya. Alkawarin da sai ka yi tafiyar kilomita 900, ka ƙona man da ya ninka kuɗin gyaran, ka bar aiki a tsakiyar damina alhali bashi na jiranka, sa'an nan a cika maka shi, alkawari ne da aka rataye inda hannu ba ya kai. Wanda ya rubuta shi bai yi ƙarya ba. Sai dai ya san yawancin mutane za su gaji su bari. A ganina, cika alkawari ya ƙunshi sauƙaƙa hanyar karɓarsa. Alkawari kaya ne, kuma wanda ya ɗauka shi ya kamata ya ji nauyin, ba wanda aka ɗaukar wa ba.

Da labarin ya bazu a gari, dattawa da yawa suka ba yaya shawarar haƙuri. Wani ya ce ƙaddara ce. Wani ya ce bai dace mutum mai mutunci ya bi kamfani da ƙorafi a kan ɗigon ruwa ba. Ban raina wannan shawara ba, domin haƙuri shi ya riƙe zumuncinmu. Amma haƙuri yana da kyau ne inda asarar ta tsaya a kanka kai kaɗai. Motar nan tana tafiya da dare ɗauke da direba da yara biyu; in fitilunta suka mutu a kan hanya, ba yaya ba ne zai fara biya. Kuma in kowa ya yi shiru, masana'anta ba za ta taɓa sanin robarta na da matsala ba, na gaba ma rariya zai saya. Malaman Malikiyya sun ce wanda ya ga aibi, ya ci gaba da amfani da abin bai yi magana ba, ana ɗaukar ya yarda. Shiru ma amsa ce. Yafe haƙƙinka bayan an tabbatar maka da shi karamci ne. Barinsa don kasala ko tsoron ofis ba shi da wannan suna.

Saura tambaya ta biyu, wadda ta fi kusa da ni, tunda alƙalamina ake nema. Hujjar yaya ba ta da rauni. Ya ce: «Su suka fara sayar mini da abu mai aibi. Danƙon jika biyu bai ƙara kome ba, bai rage kome ba. In na faɗa, na ba su sandar da za su doke ni.» Gaskiya ne aibin nasu ne. Amma da na yi tunani, sai na ga abin da yake so mu yi shi ne ainihin abin da mai hatsin nan ya yi: mu tura jiƙaƙƙen ƙasa, mu ɗora busasshen a sama. Ba zai yiwu mu nemi a auna mana da mudun gaskiya, mu kuma mu riƙe wani mudun a bayan riga ba. Risala ma ta hango irin wannan hali. Ta raba tsohon aibi da wanda ya auku a hannun mai saye: na biyun ba ya shafe na farkon, sai dai kowa ya ɗauki nasa. Na ce masa: «Yaya, ka yi mini afuwa. Zan rubuta maka takarda mai ƙarfi, amma da danƙon a ciki. In sun hana ka haƙƙinka saboda ka faɗi gaskiya, nauyin yana kansu. In sun gano mun kankare, mun zubar da haƙƙin da mutuncin gaba ɗaya.» Ya yi shiru mai tsawo, ya tashi bai ce kome ba. Washegari ya aiko yaro da littafin.

Muka zuba wa gilashin ruwa da bokiti, daga ƙasa zuwa sama, mutum ɗaya na zaune a ciki yana nuna inda ya fara ɓullowa. Muka ɗauki hotuna da kwanan wata. Na rubuta kome: ranar saye, ranar da aka fara ganin ɗigon, ranar da aka shafa danƙo da dalilin shafawa. Amsa ta ɗauki mako biyar. Sun yarda aibin daga masana'anta ne, sun canza robar da wayoyin da suka lalace ba tare da karɓar ko dala ba, bayan jiran kayan gyara da suka daɗe a hanya saboda rufe iyakar Benin. Kuɗin mai zuwa Yamai da kwanakin da motar ta yi ba aiki, yaya ne ya ɗauka. Har yau yana cewa ya yi asara, ban kuma musa masa ba. Ba zan ce gaskiya ce ta sa suka biya ba. Da sun ƙi ma, takardar da na rubuta ita ce daidai.

Ƴan'uwana malamai, akwai namu rabon a wannan zance. Muna koya wa yara nahawu da insha'i, su fita ba su iya karanta shafi ɗaya na sharuɗɗan ciniki ba, ba su iya rubuta takardar koke mai ladabi da hujja ba. Darasi ɗaya a shekara a kan irin wannan ɗan littafi zai amfane su har tsufa. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ƙungiyoyinmu na al'adu suna da hurumin neman duk mai sayar da mota, injin ban-ruwa ko faifan hasken rana a ƙasar nan ya ba da sharuɗɗansa cikin harshen da mai saye ke ji. Mutumin da ya sayar da garken shanunsa ya cancanci ya san abin da aka yi masa alkawari, ba sai ya jira ƙanensa ya dawo daga lakwal ba.

Motar tana nan tana aiki. Da daminar 2025 ta sauka, yaya ya kira ni a waya daga hanyar Damagaram, ina jin ƙarar ruwa a kan rufi. Ya ce: «Malam, a bushe muke.» Allah ya sa mu cika abin da muka ɗauka, ya kuma ba mu ikon neman namu ba tare da mun ci na wani ba.