Laima, Igiya da Tawakkali

A watan Agustan 2024, a gaɓar tekun birnin Marsai na Faransa, wani wasa ya shiga gasar Olamfik a karo na farko. Mutum ne zai tsaya a kan ɗan allo, ya ɗaura ɗamara a ƙugu, wata ƙatuwar laima can sama tana jansa bisa ruwa da gudun mota. Ellie Aldridge 'yar Birtaniya ta ɗauki zinaren mata, Valentin Bontus na Ostiriya ya ɗauki na maza. Sai dai kafin Bontus ya rataya lambarsa, sai da aka ɗage ƙarashen tseren zuwa washegari, saboda iska ta ƙi zuwa. Alƙalai, jiragen ceto, gidajen talbijin na duniya da 'yan wasan da suka shekara huɗu suna shiri, duk suka zauna suna kallon sama.

Samaru Kataf ba ta da teku. Daga ƙasar Atyap zuwa bakin ruwan Legas tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita, kuma da wuya a sami mai sayar da irin wannan laima tsakanin Zonkwa da Kafanchan. Amma mutanen yankin sun san iska. Sun san ta hunturu mai busowa daga arewa maso gabas tun daga Nuwamba, mai fasa leɓe da dunduniya. Sun san guguwar farkon damina, wadda kan yaye kwanon ɗaki cikin 'yan mintuna. Matan da ke shiƙar acca bayan girbi sun san inda za su tsaya da yadda za su karkata ƙwarya don ƙaiƙayi ya tafi, tsaba ta zube a gabansu. In iska ta kwanta su jira, in ta haukace su ajiye aikin. Sun kuma san wata tsohuwar muhawara da ake yi a coci, a masallaci da a tashar mota: idan komai yana hannun Allah, shirin ɗan Adam na mene ne? Ɗan acaɓa ya ƙi hular kwano ya ce kwana in bai ƙare ba babu abin da zai faru. Direba ya ƙara fasinja a kan taya mai sanƙo ya ce Allah na nan. Wannan wasa na masu teku, duk da nisansa, yana da abin cewa a cikin muhawarar, domin da wuya a sami sana'ar da ta raba abin da ke hannun mutum da abin da ba ya hannunsa ƙarara kamarsa.

Tunanin jan abin hawa da laima ba sabo ba ne. Wani malamin makaranta a Biristol ta Ingila, George Pocock, ya haɗa keken da laimomi ke ja tun a shekarun 1820. A 1903 Samuel Cody ya haye mashigin ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila cikin ɗan ƙaramin jirgi, laima tana jansa. Matsalar da ta hana abin yaɗuwa ita ce, da zarar laima ta faɗa ruwa ta jiƙe, shi ke nan. 'Yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, su suka warware ta: a 1984 suka yi rajistar laimar da ake hura wa iska a gefenta na gaba, ta yadda in ta faɗi za ta yi iyo, a sake tada ta. Sai ƙarshen shekarun 1990 wasan ya kama, aka yi gasar farko a tsibirin Mawi na Hawai a 1998. Afirka ba ta zama 'yar kallo ba. Dakhla, a gaɓar yammacin Sahara, ta zama matattarar masu koyo daga ko'ina, kuma Mitu Monteiro na tsibirin Sal a Kef Bad ya zama zakaran duniya a ɓangaren hawan igiyar ruwa a 2008.

Mai koyo ba ya fara da ruwa. Malami yakan tsayar da shi a kan yashi da 'yar laima mai faɗin murabba'in mita biyu ko uku, ya juya wa iska baya, ya koyi inda laima ke ja da ƙarfi da inda take lafawa. Kai tsaye a gabansa, ƙasa-ƙasa, nan ne ƙarfin yake. A saman kansa ko can gefe, laima takan tsaya lamo. Bayan haka ya shiga ruwa ba allo, ya bar laima ta ja gangar jikinsa, ya koyi komawa inda allonsa ya faɗi. Hawa allo shi ne na ƙarshe, kuma da yawa sukan ƙosa kafin a kai can.

Wajen zaɓen kaya ne hali ke fitowa. Laimomi suna farawa daga wajen murabba'in mita 5 har zuwa 17, igiyoyinsu kuma sukan kai mita 20 zuwa 24. Sabon shiga yakan ɗauka babbar laima ita ce ta gwanaye. Ba haka ba ne. Girman laima yana bin nauyin mutum da ƙarfin iskar ranar: mai nauyin kilo 75 zai iya ɗaukar mai mita 12 a matsakaiciyar iska, amma in ta ƙaru dole ya sauko zuwa 9 ko 7. Dalilin lissafi ne tsagwaronsa. In gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin jan laima yakan ninka sau huɗu. Laimar da ta yi daidai da safe tana iya ɗaga mutum ta maka shi da dutse da la'asar, ba tare da ya canja komai ba. A ɓangaren allo kuwa abin juyewa yake: mai koyo yana buƙatar babba mai faɗi, wanda kai da gindinsa iri ɗaya ne, tsawonsa kusan santimita 140, don ya ɗauke shi ko da ja bai yi ƙarfi ba. Ƙaramin allo mai kyan gani da allon da ke tashi sama da ruwa kan doguwar sanda, irin na 'yan Olamfik, na masu shekaru ne a cikin sana'ar. Wato wanda zai zaɓi kaya daidai sai ya fara faɗa wa kansa gaskiya game da nauyinsa da ƙarancin iyawarsa, abin da ba kowane namiji ke so ba a gaban mai kanti.

Sai alƙiblar iska. Wadda ke busowa daga tudu zuwa teku takan kwantar da ruwa ya yi sumul, ya yi ta kiran mutum, amma ita ce ke kwashe mai koyo zuwa inda ba a ganinsa. Malamai sun fi son mai zuwa a karkace daga teku, wadda in komai ya lalace za ta dawo da mutum gaɓa.

A cikin kayan duka, wanda ya fi muhimmanci ɗan ƙarami ne, ja, a gaban cibiya: maɓallin saki. Tura shi sau ɗaya, laima ta rasa ƙarfinta ta faɗi. In hakan bai isa ba, akwai na biyu da ke raba mutum da laimar gaba ɗaya, da 'yar wuƙa a jikin ɗamara don yanke igiya. Laimomin farko ba su da wannan tsari mai inganci, mutane suka yi ta jikkata, har wata fitacciyar 'yar wasa Bajamushiya ta rasu a wata gasa a 2002, abin da ya ƙara matsa wa kamfanoni lamba su gyara. Daga 2005 aka fito da laimomin da ke zubar da mafi yawan ƙarfinsu da zarar an tura sandar tuƙi gaba. Abin mamaki shi ne, ɗabi'ar mutum in ya tsorata ita ce ya ƙanƙame sanda ya jawo ta jikinsa, wanda hakan ke ƙara wa laima ƙarfi. Malami yakan ɓata lokaci mai tsawo yana koya wa ɗalibi ya saki hannu a daidai lokacin da zuciyarsa ke ce masa ya riƙe.

Masu wa'azi za su so wannan, su ce ga tawakkali nan, sakin hannu. Gaskiya ne, amma rabinta. Sakin yana ceto ne kawai don wani ya ƙera maɓallin, mai wasan ya wanke shi daga yashi da gishiri, ya gwada shi kafin ya shiga ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya saki hannu a kan maɓallin da ya yi tsatsa bai miƙa wa Allah komai ba. Aikin da Allah ya ba shi ne ya mayar masa.

Littattafan addinan biyu da ake bi a kudancin Kaduna ba su bar wannan magana a duhu ba. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure ta kuma ya dogara. Halifa Umar yana kan hanyar Sham ya sami labarin annoba, ya juya da jama'arsa; da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddara take. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa zancen rabe-raben da ya dace da mai laima. A wurinsa sababi iri uku ne: wanda sakamakonsa tabbas ne, kamar kai loma baki don ƙoshi, wanda ake kyautata zaton zai yi amfani, da wanda zato ne kawai da camfi. Barin na farko da sunan dogara ga Allah, a ganinsa, wauta ce, ba ibada ba. Rigar da ke hana nutsewa ta fi kusa da kashi na farko. Layar da aka ɗinke a ƙugu tana kashi na uku, ko da yake an fi yawan ganin ta a jikin matafiya fiye da rigar.

Kirista kuma yana da babi na 27 na Ayyukan Manzanni, wanda kusan darasin tuƙin jirgi ne. Bulus yana fursuna a kan hanyar Roma, ya ba da shawarar kada a bar tsibirin Karita domin lokacin tafiya ya wuce. Jarumin sojan da ke tsaronsa ya fi yarda da matuƙi da mai jirgin. Wata lallausar iskar kudu ta yaudare su suka tashi, sai guguwa daga arewa maso gabas ta afka musu, suka yi mako biyu ruwa na wasa da su. An yi wa Bulus alkawarin cewa ba wanda zai mutu cikin mutum 276 da ke jirgin. Duk da alkawarin, da ma'aikatan jirgi suka nemi sulalewa a ƙaramin kwale-kwale, shi ne ya tsaya kai da fata cewa in suka tafi sauran ba za su tsira ba, kuma shi ne ya matsa wa mutane su ci abinci don su sami ƙarfi. Mutumin da ya fi kowa tabbacin tsira shi ya fi kowa kula da ma'aikata da guzuri. Yesu ma, da Iblis ya ce ya diro daga ƙololuwar haikali mala'iku su tare shi, ya ɗauki abin a matsayin gwada Ubangiji, ya ƙi.

Wannan ba zancen zaure ba ne a Arewa. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin fito ya kife a Bagwai ta jihar Kano, ya ci rayuka fiye da 20, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka mutu a kogin Kwara wajen Patigi, suna dawowa daga biki da dare. Bayan kowane irin wannan hatsari bayani ɗaya ake ji: lodi ya wuce kima, jirgi ya tsufa, ba rigar kariya, tafiyar dare. A zaman makoki kuma a ce kwana ne ya ƙare. Ga uwar da ta rasa ɗa, wannan kalma magani ce, kuma ba mai hankalin da zai ƙwace mata ita. Matsalar tana farawa ne in mai jirgi da jami'in da ya kamata ya duba shi suka ari kalmar tun kafin a tashi.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen, wanda masu kuɗi suka fi faɗawa. A bakin teku ba a rasa wanda ya sayi laima uku sababbi da agogon auna iska, ya ɗauka ya sayi lafiya. Irinsa ne ke shiga ruwa hadari yana haɗowa, don manhajar wayarsa ta ce komai lafiya. Alex Caizergues, Bafaranshen da ya haura kilomita 107 a awa a 2017, bai ƙera iskar da ta kai shi ba. Jiran ta ya yi, a mashigin da aka tanada don haka. Gwanaye na gaske sukan hura laima, su shimfiɗa igiya, su dubi gajimare, sannan su naɗe komai su koma gida ba su jiƙa ƙafa ba, ba kuma sa jin sun yi asara.

Inda kwatancen ya gaza shi ne wajen zaɓi. Mai laima don nishaɗi yake shiga ruwa. In bai gamsu ba ya fasa. Manomin citta a Kaciya ko Jaba da annobar 2023 ta ruɓar masa da gona bai yi sakaci da wani maɓalli ba. Matar da za ta haye rafi a watan Agusta don kai yaro asibiti ba ta da wata gada da ta ƙi bi. Idan irin waɗannan suka ce sai ta Allah, gaskiyar halinsu suka faɗa, kuma zalunci ne a karanta musu Gazali. Tambayar sababi a nan tana komawa kan wanda aka ba kuɗin gada, da hukumar da ke da alhakin raba rigunan kariya a mashigai, da shugaban tasha da ke ƙirga fasinja yana kau da kai. Shi ma ɗan acaɓan da ke tsakanin Samaru da Zonkwa, kafin a yi masa wa'azin hular kwano, ya kamata a tambaye shi nawa ake sayar da mai kyau a kasuwar Kafanchan, da nawa yake kai wa mai babur kowace yamma.