HAƘORAN YARA AMANA NE A WUYAN IYAYE

Godiya ta tabbata ga Allah Mai son masu tsarkaka. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, asuwaki sunna ce da Manzon Allah (S.A.W.) ya riƙe da ƙarfi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa ba don gudun tsananta wa al'ummarsa ba, da ya umarce su da yin asuwaki a kowace salla. Nana A'isha ta ba da labari cewa shi ne abin da yake farawa da shi in ya shigo gida, kuma har a cikin jinyar ajalinsa sai da ta tausasa masa icen asuwaki ya goge bakinsa. Ashe kuwa sunnar da aka riƙe har ƙarshen rayuwa ta cancanci a dasa ta tun farkonta.

Amma sau da yawa akan ga magidanci da asuwaki a aljihu, alhali haƙoran ɗansa sun yi baƙi sun rarake. In an yi magana sai ya ce ai na yarinta ne, za su zube. Wannan uzuri ba ya karɓuwa. Haƙorin farko yakan fito wajen wata 6, su cika 20 wajen shekara 3, na ƙarshensu kuwa ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara 11 ko 12. Da su yake tauna, da su yake gyara furucin haruffa gaban malaminsa na allo, su ne kuma ke tsare wa haƙoran girma gurbinsu.

Ga yadda ɓarnar ke aukuwa. Ƙwayoyin cuta na cikin baki suna cin sukarin da ya maƙale, su fid da ruwa mai tsami wanda ke zaizaye haƙori. Don haka alewa da lemon kwalba, da barin jariri ya yi barci da bulumbotin abin zaƙi a baki, ba gata ba ne.

Malaman Malikiyya sun ce wanda bai sami ice ba ya yi da yatsa. To, da yatsa uwa za ta fara: ta naɗa ƙyalle mai tsabta, ta jiƙa, ta share dasashin jariri bayan shayarwa. Da haƙori ya ɓullo sai a koma ga buroshi mai laushi, safe da dare, da man goge baki mai fuloraid gwargwadon ƙwayar shinkafa. Daga shekara 3 a ƙara ya kai ƙaramar ƙwayar wake, ya tofar kada ya haɗiye. Babba ya riƙa taya shi har wajen shekara 7, lokacin da ake umartarsa da salla, don alwala da asuwaki su zauna masa tare.

Kada kuma a raina kumburin dasashi ko warin baki ga yaro, balle mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda. Ta nan cutar da likitoci ke kira noma, mai cinye naman fuska, take farawa, galibi ga 'yan shekara 2 zuwa 6. Saboda ita aka kafa asibiti a Sakkwato cikin 1999, kuma cikin Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. In an garzaya asibiti da wuri, tana jin magani.

Hadisin Ibnu Umar ya nuna kowa makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Jariri ba ya iya riƙe asuwaki, saboda haka tambayar tana kan wanda ke riƙe da jaririn.

Allah Ya ba iyaye ikon sauke wannan amana, Ya raya zuriyar Musulmi bisa sunna, amin.