Awar da babu malami: asara ce ko tarbiyya?

A jadawalin makarantun lise na ƙasar Nijar akan sami awar da ba a rubuta sunan malami a gabanta ba. Da Faransanci ana kiran ta «permanence», mu kuwa sai mu ce lokacin nazari. Iyaye da yawa na ganin ta a matsayin giɓi, ɗalibai kuma kan maida ita lokacin hira a inuwar dogonyaro. Shin awar da ba a koyar da kome a cikinta asara ce?

Darasi kamar tuwo yake: ci dabam, narkewa dabam. Malami kan warware lissafi a allo, ɗalibi ya kwafa a littafinsa, ya ɗauka ya gane. Sai ranar da ya zauna shi kaɗai da takarda sannan yake sanin iyakarsa. Tun a shekarar 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a awoyin farko bayan koyo, kuma bita ita ce ke rage mata gudu. Malamanmu na tsangaya sun san haka tun kafin lakwal ta zo. Shi ya sa almajiri kan ɗauki allonsa ya fita kiskadi, nesa da hayaniya, ya yi ta maimaitawa har karatu ya zauna.

Akwai kuma batun adalci. Idan malami ya ce «ku je gida ku yi nazari», wane gida yake nufi? Kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke samun lantarki a Nijar. Duk wanda ya zaga Maraɗi, Damagaram ko Tawa da dare a watan Mayu ya ga ƴan bakaloriya suna bita ƙarƙashin fitilun titi. Ɗiya mace kuwa ko wannan damar ba ta cika samu ba: ɗibar ruwa, girki da renon ƙanne na jiran ta, fitar dare kuma ba a yarje mata ba. Ga irinta, awar nazari a makaranta ita ce kaɗai lokacin da take da tebur, haske da shiru. Soke awar nan ba ya taɓa ɗan mai hali. Ɗiyar talaka yake taɓawa.

Masu suka na da hujja. Suna cewa aji cike yake maƙil, mai sa ido ɗaya ne, don haka ko dai wurin ya koma kasuwa, ko ya koma gidan kaso. Suna ƙara da cewa sau da yawa rashin zuwan malami ko yajin aiki ne ake lulluɓewa da sunan nazari. Wannan gaskiya ce, amma laifin na tsari ne. Awar da aka shirya tun farkon shekara, da ɗaki, da littattafai, da babban da za a iya tambaya, ba ɗaya take da awar da ta faɗo don malami bai zo ba.

Babbar darajarta kuwa ta hali ce. A sauran awoyi ana faɗa wa yaro abin da zai yi. A wannan awa lokacinsa amana ne a hannunsa: ya zaɓi abin da zai fara, ya daure wa gajiya, ya ajiye salula, ya taimaki na kusa da shi ba tare da ya damu sauran ba. Gobe a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko a gona, ko a ofis, babu mai tsaya masa a ka. Wanda bai taɓa riƙe awa guda ba, ina zai iya riƙe rayuwa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka muke kira ga malamai da su kare wannan awa, kada a cinye ta da cikon darasi. Ƙungiyoyin al'adu da na iyayen yara kuma su buɗe ɗakunan karatu a unguwanni, ko da fitilar hasken rana ce da tabarma, su kuma ware lokacin yamma don ƴan mata.