Amanar alamar da ba a iya karantawa

A ƙasar Sikotlan akwai duwatsu kimanin 350 da wata al'umma mai suna Piktawa ta sassaƙa. Alamomin da ke jikinsu, kamar jinjirin wata, maciji, kifi, madubi da mataji, galibi biyu-biyu suke zuwa. Wajejen shekara ta 900 sunan Piktawa ya ɓace daga tarihi, harshensu ma ya bi su. Wasu masana na ganin sunayen mutane ne aka rubuta, amma har yau ba a warware ma'anar ba.

Mu ma a Nijar muna da irin wannan gado. A Dabus, arewa da Agadas, an sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse tun shekaru 6,000 ko fiye. Babban ya haura mita 5. Daga bakin kowane, wani layi ya sauko zuwa ga siffar ɗan ƙaramin mutum. Igiyar farauta ce, ko alamar bauta? Masu amsar sun daɗe da kwanta dama.

To, wane hakki ne abin da ba mu fahimta ba yake da shi a kanmu? Wani zai ce: waɗannan ba kakanninmu ba ne, kuma mai jin yunwa ba ya cin dutse. Maganar tana da nauyi, musamman a shekarar fari. Sai dai wanda aka ba ajiyar wasiƙa, rashin iya karatu bai ba shi izinin ƙona ta ba. Aikinsa ya miƙa ta ga wanda zai iya. Wannan ita ce amana.

Ana cin wannan amana ta hanya biyu. Ta farko ita ce saidawa. Bayan da Bube Gado ya tono maƙabartar Bura a 1983, ƴan kasuwar kayan tarihi sun yi wa yankin wasoso, har a shekarar 2000 aka sa tukwanen Bura cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari, duk da dokar kare gadon al'adu ta 1997. Tukunyar da aka raba da mazauninta ta zama bebiya, domin ƙasar da ta rufe ta ce ke faɗin shekarunta. Hanya ta biyu ta fi ɓoyuwa: mutum ya ƙaga wa alama ma'anar da ta yi masa daɗi, ya koyar da ita a matsayin tarihi. Na farko ya sace wa matattu kayansu, na biyu ya yi musu shaidar zur.

Darasin ya zo har ƙofar gidanmu. Tsagar fuska da ke bambanta Bagobiri da Bakatsine tana gushewa, kuma ba kiran a dawo da aska muke yi ba. Amma tsofaffin wanzaman da suka san sunan kowane zane da asalinsa suna ƙarewa. Haka kufan da manoma ke tuntuɓe da sakainunsu tsakanin Kanambakashe, Mayahi da Tasawa: dattawan da suka san wa ya zauna nan, me ya tashe shi, ba za su dawwama ba.

Piktawa sun bar dutse, ba su bar mai fassara ba. Mu kuwa masu fassararmu na nan da rai, a zaure da gindin bishiya. Ya rage ga malamai da ƙungiyoyin al'adu su tura ɗalibai da littafi da alƙalami, su rubuta abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi, inda dattijo ya yi shiru kuma su bar gurbin a buɗe.