Zaman Gidan Haya

Tun da aka buɗe masaƙa a Kakuri cikin 1957, samarinmu suka yi ta barin gonakin iyayensu a Kagoro da Kwoi da ƙasar Jos, suna zuwa Kaduna neman aiki. Masaƙar ta tsaya a 2002, amma har yau baƙi suna sauka a Kakuri da Makera, mutum uku ko huɗu cikin ɗaki ɗaya.

Mun san wannan zama. Famfo ɗaya, bayan gida ɗaya. Wani ya dawo daga aikin dare yana neman barci, wani kuwa ya kunna rediyo. Ranar biyan haya wani ya ɓace. A ƙauye idon iyaye yana kanmu. A nan ba mai tambaya ko mun je sujada. Ta wurin nan Shaiɗan yakan sami ƙofa.

Mu tuna da Manzo Bulus. A Korinti ya zauna gidan Akila da Biriskilla, suna ɗinkin alfarwa tare, bai zama musu kaya ba. A Roma kuma ya yi shekara 2 cikin gidan haya, yana karɓar duk mai zuwa.

Ya 'yan'uwa, maƙwabcinmu ba zai karanta Littafinmu ba, halinmu yake karantawa. Bari mu biya rabonmu kan kari, mu share tsakar gida ran da ya zo kanmu, mu riƙe harshe a bakin famfo. Mu nemi ekklesiya tun Lahadin farko. Ubangiji ya taimake mu. Amin.