Alkawari Kaya Ne

Masu sayar da kaya ta intanet kukansu biyu ne: mai tayin wulaƙanci, da mai cewa "ajiye min" sannan ya ɓace. Sukan haɗa su a layi ɗaya, ni kuwa ban ga laifinsu ya zo ɗaya ba.

Tayi ba laifi ba ne. Tun kafin zuwan waya, a Kurmi da Kantin Kwari, ɗan kasuwa ya sa suna, mai saye ya taya, in bai yi ba a ce masa "albarka", a rabu lafiya. Matar da ta ɗora atamfa a WhatsApp ta ce naira 20,000, wani ya rubuto mata "8,000 in turo yanzu", dole ranta ya sosu, musamman da ta san ko uwar kuɗi tayin bai kai ba. Amma atamfarta tana nan a hannunta.

Mai karya alkawari shi ne mai cuta, kuma a kansa magabata suka yi karin maganar nan ta "alkawari kaya ne". Wanda ya ɗauki kaya a ka yana jin nauyinsa a wuya har sai ya sauke inda aka aike shi. Haka suka ɗauki kalmar "zan saya". A kasuwa akwai abin da ke tsare ta: an san fuskarka, an san unguwarku, gobe ma ta gaban rumfar za ka wuce. A Jiji ko Facebook kuwa sunan aro ne da lambar waya. Mai alkawarin ba ya jin nauyin komai, nauyin duk ya koma kan wadda aka yi wa.

Dubi yadda abin ke faruwa. Ya ce ta ajiye masa turmi biyu. Ta gaya wa wasu mata biyu da suka tambaya cewa an saya. Ta naɗe a leda, ta rubuta sunansa da biro, ta kira mai babur. Yaron ya tashi daga Fagge har Hotoro, ya tsaya a bakin titi cikin rana yana kira. Waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka, can aka kashe ta. Kuɗin zuwa da dawowa daga jakarta za su fita, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan kuɗin ya daina zama ƙaramin abu. Matan nan biyu kuma sun saya a wani wuri.

Shi ya sa nake goyon bayan masu karɓar kafin alƙalami, da masu cewa sai sun ga kuɗi sun zauna a asusu kafin kaya su fita, don alat na bogi ya kwashe jarin mutane da yawa. Wasu masu saye kan ji haushi: "Haba Hajiya, ba ki yarda da ni ba ne?" Ba zargi ba ne. Tana mayar masa da kason nauyinsa ne kawai.

Sai dai mai saye ma yana da dalilin tsoro, don an sha tura kuɗi a ga wani abu daban da na hoto, ko a ji shiru. Karin maganar ta hau kan mai sayarwa ita ma. Ranar da ta karɓi naira 5,000 ta wani, ko da an zo da tayin da ya fi nasa da yamma, turmin ya riga ya zama nasa.